Daga Ina "Thou" Da "Thee" Suka Fito?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ina karanta fassarar Alƙur'ani ta Turanci, sai na yi ta cin karo da "thou" da "thee" da "ye". An ce mini kalmomin girmama Allah ne. Haka ne? Kuma ina asalinsu? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Wanda ya gaya miki haka ya faɗi yadda kunne ke jin su a yau ne, amma asalinsu akasin haka ne, kuma wannan shi ya fi burge ni a tarihin Turanci.

A tsohon Turanci, "thou" shi ne "kai" ko "ke", wato mutum ɗaya. Ɗan'uwan "du" na Jamusanci ne da "tu" na Latin. "Thee" kuwa wanda aka yi wa aiki ne, "thy" kuma "naka". Idan mutane suna da yawa sai a ce "ye", wato "ku", "you" kuma shi ne siffarsa idan su aka yi wa aikin.

To, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, su kuma Faransawa da jam'i suke kiran babban mutum. Wajen ƙarni na 13 sai Turawan Ingila suka kwaikwaya, suna ce wa babban mutum ɗaya "ye" da "you", kamar dai yadda ɗa mai ladabi kan ce wa mahaifinsa "kun dawo?" alhali shi kaɗai ya shigo. "Thou" ya koma na yara da barori da masoya, har ya zama abin cin mutunci. A shari'ar Walter Raleigh, wani babban bafaden Ingila, a 1603, mai gabatar da ƙara Edward Coke ya jefe shi da "thou" da gangan a gaban alƙalai, yana kiransa maci amanar ƙasa. Mabiya ɗarikar Kirista ta Quaker, ƙarƙashin George Fox, suka dage sai sun ce wa kowa "thou", talaka da basarake, don duk ɗaya suke a wurin Allah. Sun sha duka a kan haka. Ina jin nauyin wannan ƙwarai, a ce kalma guda ta jawo wa mutum sanda. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare, kowa na gudun ya ɓata wa wani, "you" ya cinye fagen. Sai a wasu yankuna, kamar Yorkshire a arewacin Ingila, ake ɗan jin "tha", wato "thou" a karin harshensu, har yau.

Masu fassarar littattafan addini ne suka riƙe tsohon tsarin, saboda Ibrananci da Girkanci da Larabci duk suna bambanta tilo da jam'i. Haka fassarar Baibul ta Sarki James ta yi a 1611, haka Pickthall ya yi a fassararsa ta Alƙur'ani a 1930.

Nan amfaninsu yake a gare ki. Buɗe Suratud Duha, za ki ga "thee", domin da Annabi (SAW) shi kaɗai ake magana. Inda aka ce "Ya ku waɗanda suka yi imani" kuwa, "ye" za ki tarar.