Nisan Legas da Kano a wurin ɗan Agege

Baffa, barkanku da war haka. Yaya ya isar mini da tambayarku: tunda jirgi awa ɗaya da rabi yake yi daga Legas zuwa Kano, me ke hana mu halartar biki da suna, kuma don me muke binne mamatanmu a kurmi?

Lissafinku daidai ne. Ta sama, daga filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja zuwa na Malam Aminu Kano kilomita 830 ne da 'yan kai. Mutum zai yi azahar a Ikeja ya riski la'asar a Fagge, in dai hazon hunturu bai hana sauka ba. Mu 'yan Agege ma filin maƙwabcinmu ne, cikin ƙarar jiragensa muka tashi.

Sai dai, Baffa, Bahaushen Legas ba ya zuwa gida shi kaɗai, ba ya kuma zuwa hannu rabbana. Ga uwargida, ga yara biyar ko shida, kowa da kujerarsa da kuɗinta. Ga tsaraba: huhun goro, jarkar manja, garin kwaki, turamen atamfa na gwaggo da inna. Jirgi kuwa da kilo yake auna kaya. Shi ya sa tafiyarmu ta doguwar motar dare ce, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya bi tirelar da ta sauke tumatir a kasuwar Mile 12 ko shanu a mayankar Oko-Oba. A bi Ibadan, Ilori, gadar Jebba, Mokwa, kusan kilomita 1,000, yini da kwana in hanya ta yi kyau. Akwai lokacin da direbobi da yawa suka daina bin Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, zagayen kuma ya ƙara tsawo. Wannan nisan muke lissafawa idan an ce za a je gida.

Don haka in abu ya faru a can, mukan haɗa kuɗi mu tashi mutum ɗaya ya wakilci zuriya, sauran su yi gaisuwa ta waya. Jirgi mun ajiye shi ne don ranar da aka bugo aka ce jikin mahaifi ko mahaifiya ya tsananta. Ranar ko bashi ne sai an ci.

Maganar jana'iza ta fi taɓa ni. Addini ya ce a gaggauta, ga malamanmu, ga maƙabartarmu a nan. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi Agege a jirgin ƙasa, a nan ya hayayyafa, a nan yake kwance, mahaifina yana kusa da shi. Yaranmu suna jin Yarabanci kamar Hausa, amma ku tambaye su 'yan ina ne, Kano za su ce muku.

In Allah ya kai mu babbar salla muna tafe gaba ɗayanmu, ta mota. A gaida su Inna.