Maƙwabtana 'yan Guatemala sun daina fita

Tambaya: Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin gari a jihar Iowa ta Amurka. Wata uku ke nan da wani iyali 'yan Guatemala suka tare kusa da ni, mijin yana aiki a mayanka. Wata tsohuwa Baturiya ta kai musu kek, amma wani ya liƙa takarda a ƙofarsu cewa su koma inda suka fito. Yanzu matar ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Me zan yi?

Amsa: 'Yata, tsoronta ba na banza ba ne. A jiharku, ranar 12 ga Mayu 2008, jami'an shige da fice suka dira mayankar Agriprocessors a garin Postville, suka kwashe mutum 389, yawancinsu 'yan Guatemala, a garin da bai kai mutum 2,500 ba. Mata da yara a cocin St. Bridget's suka riƙa kwana. Irin wannan labari ba ya fita daga zuciya.

Ki dafa shinkafa da wake ki kai mata, su ma abincinsu ne. Kada ki taɓa tambayar takardunsu na izinin zama a ƙasa. Ki ɗauki hoton takardar nan da aka liƙa musu ki adana, amma zancen 'yan sanda sai da yardarta. Yaran kuma kada su zauna a gida: tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta korar yaro daga makarantar gwamnati saboda rashin takardu. Tsohuwar nan mai kek, ki ja ta ku raka yaran makaranta tare ranar Litinin.