Naira 450,000 kan tallan minti ɗaya: tsada ce ko cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a cikin birnin Zariya, ina sayar da manyan riguna masu aikin hannu da kaftani. Yanzu yawancin masu saye ta WhatsApp suke zuwa mini, daga Kaduna da Abuja da Kano. Na nemi wani yaro mai ɗaukar hoto a Samaru ya yi mini talla, ga Babbar Sallah saura mako shida. Ya ce naira 450,000, bidiyon minti ɗaya da hotuna 20, har da doki da ɗan jirgin nan marar matuƙi, kuma in ba shi kashi 70 kafin ya fara. Ɗana ya ce cuta ce, gara in sayi waya mai kyau shi ya riƙa ɗauka. Ribata a kan riga ɗaya ba ta cika wuce naira 25,000 ba. Yaya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zan fara wanke yaron nan daga zargin cuta, sannan in gaya maka abin da ya sa duk da haka ba na so ka biya kuɗin a kan tsarin da ya kawo.

Kai ka fi kowa sanin takaicin mutumin da zai ɗaga riga mai aska takwas ya juya ta, ya ce wai ai zare ne kawai da allura. Bai ga makonnin da mai ɗinki ya yi a zaure yana sunkuye ba, bai ga mai zane ba, bai ji ƙarar masu bugu ba. To minti ɗayan nan ma haka yake. Kafin ranar ɗauka sai yaron ya zo shago ya duba inda haske ke shigowa, ku zaɓi riguna, a goge su. Sai a nemo wanda zai sa, kuma ba kowane jiki ne ke ɗaukar babbar riga ba. Ana son dogo mai kafaɗa, wanda ya iya naɗe hannun riga ba tare da an koya masa ba, shi ma biyansa za a yi. Akwai mai riƙe fitila, akwai mai ɗora murya, ga mota, ga abincin rana. Da yawa cikin masu wannan sana'a ba su mallaki dukan kayan aiki ba, haya suke yi ta kwana, wanda kuma ya mallaka da dala aka auna masa kuɗin kyamara da gilashinta da kwamfutar tacewa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Mayun nan ne kuma aka cire tallafin mai, shi kuwa mai fitilu dole ya zo da janareta, don ba zai tara mutum biyar su zauna jiran a kawo wuta ba.

Ita kanta ɗaukar, tallan minti ɗaya guntaye ne ake harhaɗawa, ashirin ko talatin, kowanne daƙiƙa biyu zuwa uku, kuma kowanne sai an maimaita shi. Iska ta ɗaga riga ta inda ba a so, a sake. Mai babur ya gifta, a sake. In a waje ne, lokacin aikin ma ƙanƙane ne, daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya, domin ranar tsaka tana ƙone farin kaya a hoto, ta kuma zuba inuwa a ƙarƙashin ido. Bayan kowa ya watse, shi zai zauna gaban kwamfuta kwana biyu ko uku yana yanka, yana jerawa, yana gyara launi da sauti. Na taɓa zama wajen irin wannan aiki a Tudun Wada, na wani mai sayar da takalma, muka shafe kusan awa biyu a kan takalmi ƙafa ɗaya saboda fatar tana ƙyalli. Tun ranar na daina yi wa masu hoto tayin wulaƙanci.

Kayanka kuwa sun fi takalmi wuyar sha'ani, kuma nan ne maganar ɗanka take da rauni. Shadda mai maiƙo mayar da haske take yi kamar madubi. Ka haska ta gaba da gaba, sai ka ga fari fat, furen jikinta ya ɓace. Farin zare a kan farar shadda ya fi muni: in ba daga gefe hasken ya zo ba, ta yadda kowane tudun ɗinki zai yi 'yar inuwarsa, linzami da tambari da asake duk sai su koma kamar an buga su da inji. Ka ga abin da ya sa kake tsada kenan ya salwanta a hoto. Sannan waya ita ke yanke wa kanta hukuncin launi. A ƙarƙashin farin ƙwan shago ruwan toka kan koma shuɗi-shuɗi, ruwan madara ya koma rawaya, mutumin Abuja ya biya, a kai kaya tasha, ya buɗe ya bugo waya ya ce ba wannan ya gani ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa a kanka, ga sunan da ya taɓu. Ba wayar ce matsala ba, wayoyin yanzu suna ɗauka sosai. Sanin inda za a ajiye haske, da daidaita launi har ya yi daidai da abin da ke hannu, shi ne abin da kake saye a wurin yaron, kuma ya cancanci kuɗi.

Amma doki da jirgi fa? Waɗannan ado ne na mai ɗaukar hoto, su ne zai nuna wa wanda zai ba shi aiki na gaba. Daga sama wa zai ga aikin wuya? Kuma Zariya ba garin da ake sakin jirgi a sama da ka ba ne. Kwalejin horar da matuƙa jiragen sama tana nan tun 1964, ɗalibai na tashi suna sauka, ga Depot na sojoji, ga barikin Basawa. Tashi da irin wannan jirgi don kasuwanci yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In an tare shi a ranar aikinka, ranarka ce ta tafi. Doki kuma ba na musun yana da kyau, duk Bazazzagin da ya taso yana kallon hawan Sallah zuciyarsa za ta motsa. Sai dai masu kallo dokin za su yaba, rigar da aka hau da ita kuma ta sha gumi da ƙura, ba za ka sake sayar da ita a kuɗin sabuwa ba. Ka sa wannan ma a lissafi, don ba ya cikin takardar yaron.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Naira 450,000 in ka raba da ribar 25,000, riguna 18 kenan. Ba 18 cikin cinikin da ka saba ba, 18 ƙari a kan waɗanda da ma za ka sayar ko ba talla, kafin ka ce uwar kuɗi ta dawo. Tambayar da nake so ka yi wa kanka a daren nan ita ce, kana da su? Je ka ƙirga abin da ke rataye da abin da masu ɗinki suka yi alkawari kuma ka yarda da alkawarin. Riga mai cikakken aikin hannu takan ci wata ko fiye a hannun mutum ɗaya, kuma kowa ya san yadda zaurukan ɗinki suke a cikin gari in Sallah ta matso, mai aiki ɗaya iyayen gida uku. In kana da arba'in a ƙasa, talla tana da aikin yi. In takwas ne, tallar da ta yi kyau ita ce za ta jawo maka rigima, domin za ka karɓi kuɗin mutane ka kasa cikawa, ranar jajibere kana kashe waya. A irin wannan hali gara kuɗin ya tafi wajen shadda da zare da riƙe masu ɗinki, a yi hoto bayan Sallah lokacin da masu kyamara ma suka sami sarari.

In kayan suna nan, ga abin da zan ce ka yi. Kira shi shago, ka ba shi shayi, ka ce ya rubuta maka kuɗin kowane abu daban: hayar kaya, mutane, mai, doki, jirgi, tacewa, ladansa. Kada ka taya jimilla. Wanda aka matse a jimilla yakan yarda, sannan ya rage a inda ba ka gani, yawanci a fitila da tacewa, wato daidai inda kake buƙata. Ka soke doki da jirgi da yawon lokeshan, ka ce yini guda kake so a shagonka ko wani zaure mai faɗi. Kowace riga a yi mata hoto huɗu, gaba da baya da aikin wuya kusa-kusa da kuma yadda take zama a jiki. A madadin dogon bidiyo ɗaya, a yi gajeru na daƙiƙa 15 zuwa 20, a tsaye, tunda masu sayenka a tsaye suke riƙe waya suna duba sitatus. Bidiyon kwance na talabijin ne. Da haka hotuna 20 za su koma 60 ko 80, kuma kana da abin sakawa kullum har Sallah maimakon abu ɗaya da mutane za su gani sau biyu su gaji.

Ka kuma hana shi manna "Barka da Sallah" a jikin komai. Aska biyu da aska takwas ba sa tsufa, kakanninmu sun sa su. Hoton da ba shi da kwanan wata zai yi maka aiki a ƙaramar Sallah da Mauludi da lokacin bukukuwa da naɗin sarauta, sai kuɗin ya rabu a kan cinikin shekara biyu maimakon mako shida. Abin da za a manna shi ne sunan shago da lambar waya, a wurin da ba za a iya yankewa ba sai an ɓata rigar, saboda masu kwashe hoton mutane su yi talla da shi sun yi yawa. Abin da ka rage daga doki da jirgi kuma kada ka mayar aljihu duka. Ware kamar kashi ɗaya cikin uku na kasafin don biyan Facebook da Instagram su nuna wa maza a Kaduna da Abuja da Kano, in ba haka ba waɗanda ke da lambarka ne kawai za su gani, su kuwa sun riga sun san ka.

Maganar kafin alƙalami, neman sa ba laifi ba ne, da shi zai biya haya da mutane. Amma kashi 70 ya yi yawa ga wanda ba ku taɓa aiki tare ba. Rabi ya isa, ta banki don a sami shaida, sauran sai kaya sun shigo hannu. Kafin ka tura ko kwabo ka ce ya nuna maka aikin tufafi da ya taɓa yi, ba na biki ba, don ɗaukar amarya daban, ɗaukar shadda daban. Ba a cinikin biri a sama. A takarda ɗaya ku rubuta ranar ɗauka, ranar kawowa, da cewa kana da damar neman gyara sau biyu ba ƙarin kuɗi.

A wannan takardar dai a rubuta na wane ne hotunan. Mutane da yawa suna ɗauka tunda sun biya shi kenan. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, asalin haƙƙin hoto yana hannun wanda ya ɗauka, kuma ba ya komawa hannun wani sai a rubuce. Don haka a sa cewa kana da ikon amfani da su a ko'ina ba iyakar lokaci, har allon talla da kalanda. Wanda ya sa rigunan shi ma ya sa hannu cewa ya yarda a yi talla da fuskarsa. A ba ka cikakkun hotunan a filas, domin WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba, ranar da ka kai wa mai buga allo sai ka ga ya farfashe. Kada a ɗora waƙar wani mawaƙi ba izini, Facebook da Instagram kan kashe sautin ko su sauke bidiyon. Murya mai daɗi tana faɗin irin shadda da irin aiki da inda shago yake ta wadatar. In kuma talla ce ta biya, musamman ta rediyo ko talabijin, ka tambayi tashar batun tantancewar hukumar ARCON, wadda wata doka daban ta 2022 ta ɗora wa duba tallace-tallace kafin a sake su.

Shi kuma ɗanka kada ka watsar da shawararsa, rabinta gaskiya ce. Sabon kaya zai riƙa shigowa duk mako, ba za ka kira mai kyamara kowane lokaci ba. Ka ƙara wa yaron Samaru wani abu ya gyara muku kusurwa ɗaya a shago, bango marar ado, fitila ɗaya daga gefe, farin allo a ɗaya gefen, ya yi alama a ƙasa inda za a tsaya, ya nuna wa ɗanka yadda ake kulle haske da launi a waya. Wayar da ke hannun ɗanka ma wataƙila ta isa, a gwada ta tukuna kafin a sayi wata. Sannan ɗanka ya buɗe shafi a littafin shago, duk sabon mai saye a tambaye shi ina ya gan ku, a rubuta, bayan Sallah ku ƙirga ku ga ko an kai 18 ɗin. Ranar ɗauka kuma ka ce ya zo tun bayan asuba, a ba shi allon hasken ya riƙe, in an yi la'asar ka tambaye shi nawa shi zai caja.