Amsa: Yaran biyu ba duka mata ba ne

Malama, kin tambaya ko 'yan mata biyu ne a zanen nan na matar Charpentier da yaranta biyu, wanda Renoir, mai zane ɗan Faransa, ya yi a 1878. A'a, ɗaya namiji ne. Wanda ke zaune kan kujera a gefen uwar, shi ne Paul, shekararsa 3. Yayarsa Georgette, mai shekara 6, ita ce ta ɗare bayan ƙaton karen nan. Riga iri ɗaya aka sa musu, shuɗiya da fari, ga gashi har kafaɗa, dole ki rikice. Ni ma da farko sai da na yi gardama.

A Turai a lokacin, yaro namiji rigar mata yake sawa har ya ɗan tasa, sannan a ɗinka masa wando, wasu gidajen ma har da ɗan biki. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: wandon zamanin maɓallai ne birjik, yaron da bai iya tsarki ba kuwa ba zai jira a kwance su ba. Riga kuma ana iya sake mata kalmasa idan ya ƙara tsawo.

Maigidan, Georges Charpentier, babban mawallafin littattafai ne a Paris, shi ya biya kuɗin aikin. Shi ya sa kika ga an baje komai, tun daga baƙar rigar uwargida ta shahararren gidan ɗinki na Worth har kayan adon Japan da ke bayansu. An nuna zanen a Salon, babban baje kolin zane-zane na Paris, a 1879, kuma daga nan masu kuɗi suka fara neman Renoir. Yanzu yana gidan tarihi na Metropolitan a New York.