Hukuncin karantar da ra'ayin masu musun samuwar Allah a lise

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ni malamin falsafa ne a wata lise (babbar sakandare) ta gwamnati a nan Zinder, ina riƙe da ajin tarminal, wato ajin ƙarshe. A darasin addini dole in kawo maganganun Marx da Nietzsche da Freud, don suna iya fitowa a jarrabawar bak ta kammala lise. Wani dattijo a unguwarmu ta Birni ya ce albashina haramun ne, wai kafirci nake shukawa. Mene ne hukuncin aikina? Kuma ya dace a koyar da mulhidanci, wato musun samuwar Allah, a makaranta tun farko?

AMSA: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, aikinka halal ne bisa sharuɗɗan da zan ambata, albashinka ma haka. Dattijon nan kishin addini ne ya sa shi magana, ka girmama shi, sai dai ya haɗa abu biyu da malamai suka raba: sanar da mutum abin da mulhidai suke faɗa, da kiran mutum zuwa ga mulhidanci. Na biyun haramun ne babu saɓani, a makarantar gwamnati ko ta kuɗi, ga yaro ko ga babba. Na farkon kuwa, ƙa'ida sananniya ce cewa mai hikayar kafirci ba kafiri ba ne, matuƙar bai yarda da shi ba.

Alƙur'ani da kansa ya hikaito maganar Dahariyya a suratul Jasiya, aya ta 24: babu wata rayuwa sai tamu ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, ba abin da ke halaka mu sai zamani. Almajirai suna rubuta wannan a allo suna haddacewa. A suratuɗ Ɗur, aya ta 35 da 36, aka tambaye su: shin an halitta su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar? Jubairu ɗan Muɗ'im ya ji Annabi (SAW) yana karanta ayoyin nan a sallar magariba tun bai musulunta ba, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ka lura da tsarin: an kawo maganarsu yadda take, an bi ta da hujja.

Tsoron dattijon naku yana da asali a wajen magabata. Imamu Ahmad ya zargi Harisul Muhasibi saboda ya rubuta raddi ga Mu'utazila, wata ƙungiyar aƙida mai fifita hankali, ya ce masa: ka fara kawo shubuharsu kafin amsa, me ya tabbatar maka wani ba zai karanta shubuhar ta kama zuciyarsa ba, ya ƙi duba amsar ko ya kasa gane ta? Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo labarin nan a littafinsa Almunƙiz, ya ce maganar Ahmad gaskiya ce ga shubuhar da ba ta yaɗu ba, amma wadda ta riga ta bazu, amsa ta wajibi ce, kuma ba a amsa abu sai an faɗi shi. Ni a kan wannan nake. Yaron da ke riƙe da waya a Zango ko Kara-Kara ya riga ya ci karo da maganganun nan a TikTok da Facebook, cikin izgili, ba malami a gefensa. Gara ya ji su daga bakin mai sallah wanda ya san inda suke da rauni.

Sharaɗi na farko shekaru ne. Ban yarda a shigar da wannan a firamare ko koleji (ƙaramar sakandare) ba, kuma in aka kawo shawarar haka iyaye su ƙi ta ta hanyar da doka ta ba su. Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa daga Ibn Mas'ud cewa ba za ka gaya wa mutane maganar da hankalinsu bai kai ba face ta zama fitina ga wasunsu. Ɗan shekara goma bai iya raba hujja da daɗin baki ba. Ɗan tarminal kuwa baligi ne, shekara mai zuwa yana jami'ar André Salifou ko ta Yamai, ko ya ƙetara waje.

Na biyu ya fi nauyi, kuma nan ne malaman lakwal da yawa ke zamewa. An soki Fakhruddin Arrazi da cewa yana ba da shubuha lakadan, amsa kuma bashi. Kada ka ɓata awa biyu kana ƙawata maganar Marx ta 1844 cewa addini banju ne, wato abin sa maye, na talakawa, ko ta Freud ta 1927 cewa ruɗu ne da tsoro da buƙatar uba suka haifa, sannan ƙararrawa ta kaɗa ka ce sai mako mai zuwa. Amsa ta zo a zama ɗaya da shubuhar. Kuma ba sai ka yi wa'azi a aji ba, na san makarantar gwamnati ce, akwai kuma ƴaƴan Kirista a gabanka masu haƙƙi a kanka. Falsafar da kanta ta ishe ka. Bayanin dalilin da ya sa mutum yake imani ba ya tabbatar da cewa abin da ya yi imani da shi ƙarya ne. Freud ya yi magana a kan mai imani, bai taɓa tambayar samuwar Mahalicci ba. Tambayar Leibniz, me ya sa akwai wani abu maimakon babu, tana nan ba su amsa ta ba. Ga Descartes, ga Ibn Rushd, ga Gazali, duk sun kawo hujjojin hankali kan samuwar Allah. Rubutun jarrabawar bak ma yana son ɗalibi ya kawo ra'ayi da kishiyarsa, to wanda ka ba ɓangare ɗaya ka cuce shi ko a maki.

Kada kuma ka yi wa mutanen nan ƙage don sauƙaƙa raddi. Aya ta 8 a suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci, sannan ɗalibin da ya gano daga baya cewa ka murɗe maganarsu zai daina yarda da sauran abin da ka faɗa masa. Izgili da Allah ko Manzonsa kuwa ba ya cikin darasi. In ya taso a ajinka ka tsayar da shi, aya ta 140 a suratun Nisa'i ta hana zama a kansa.

In ɗalibi ya zo maka a keɓe ya ce shakka ta shige shi, kada ka tona shi, kada ka kira shi kafiri. Sahabbai sun kai kukan waswasin da suke jin nauyin furtawa, Annabi (SAW) ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Ka haɗa shi da malamin da ya iya sauraro.

Mu ma na zaure da laifinmu. Muna haddatar da yara siffofin Allah ashirin na Imam Sanusi, mu tsallake hujjojin hankali da ya kafa su a kai, alhali littafin nasa, Ummul Barahin, don hujjojin aka rubuta shi. Kai kanka ka nemi wanda zai karantar da kai Ummul Barahin da sharhinta. In ka ji maganganun nan sun fara yi maka nauyi a zuci ba ka da amsarsu, to a lokacin wajibi ne ka nemi ilmin kafin ka sake shiga wannan babin, ko ka roƙi abokin aiki ya karɓe maka shi.

Wallahu a'alam.