Hukuncin zana katin gidan waya don baje kolin da ya shafi mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, a unguwar Birni, kuma ina taɓa zane. Wasu masu zane a Turai sun yi kira ga duk mai sha'awa ya zana kati ɗaya a kan mutuwa, ya liƙa masa tambur ya aika ta gidan waya tsirararsa babu ambulan, za a jera katunan a bango jama'a su kalla, kuma ba a mayar wa kowa da nasa. Na yi niyyar zana ƙoƙon kan mutum, in rubuta "Kullu nafsin za'iƙatul maut" a ƙasansa da rubutun allo. Shin ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka yi tambaya tun ba ka ɗora alƙalami ba.

Tuna wa mutane mutuwa abin so ne a shari'a, domin Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yawaita ambaton mai yanke jin daɗi, wato mutuwa. Saboda haka asalin shigarka wannan aiki halal ne, kuma kasancewar masu shirya shi ba Musulmi ba ne bai canza hukuncin ba. Abin da wani ya zana a nasa katin yana wuyansa, kamar yadda aya ta 18 ta Suratu Faɗir ta nuna cewa wata rai ba ta ɗaukar nauyin wata. Sai dai idan ya bayyana maka an shirya taron ne don izgili ga addini ko ga tashin ƙiyama, to aya ta 140 ta Suratun Nisa'i ta hana ka zama cikinsu, ko da katinka ne kawai ya je.

Batun zanen kuwa ya fi sauƙi bisa yadda kake tsoro. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda Shehu Ahmad Dardir ya yi bayani a babin walima, sun taƙaita haramcin ga surar mai rai wadda take cikakkiya kuma tana da inuwa, irin gunki. Wadda aka shimfiɗa a takarda makaruhi ce, wadda kuma ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita ta fita daga haramcin, ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne da rai ya riga ya bari. Ban ce haramun ne ba. Amma da wani mai sana'ar zane ya je wa Ibnu Abbas, cewa ya yi da shi in ya zama dole sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai, kuma wannan shi na zaɓa maka. Ka dubi makarar da ake jinginawa a bangon masallacin unguwarku, da tabarmar da ake naɗe mamaci a ciki, da takalman da aka bari a ƙofar ɗaki babu mai sa su. Ɗan Damagaram ya fi sanin mutuwa ta waɗannan. Hoton gawa dai, ko na kabarin wani sananne, ka nisance shi, domin alfarmar mutum ba ta faɗuwa da mutuwarsa.

Inda maganar take da nauyi shi ne ayar, wadda kai kake ganin ita ce mafi tsarkin abin da ke katin. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an hana tafiya da Alƙur'ani zuwa ƙasar abokan gaba, ya kuma bayyana dalilin da cewa tsoron kada ya faɗa hannunsu ne. Gaskiya ne wasiƙar da Annabi ya aika wa Hiraƙla, sarkin Rum, tana ɗauke da aya ta 64 ta Suratu Ali Imrana, kuma da ita malamai suka halatta aika aya ɗaya ko biyu ga wanda ba Musulmi ba. To amma waccan wasiƙa ce mai hatimi, ɗan aike ya riƙe ta har ta isa. Katinka kuwa ƴar takarda ce da ba ta wuce santimita 10 da 15 ba, a buɗe, za a buga mata hatimi duk inda hannun ma'aikaci ya sauka, a cusa ta cikin buhu, a jibge buhun a ƙasa, a ɗora wani a kansa daga nan har Yamai, kafin ta ƙetare teku. Bayan an tashi daga baje kolin kuma, kai da kanka ka ce ba za ta dawo ba, ba ka san ko akwati za ta shiga ko kwandon shara ba. Mu da muke tsince takarda mai Bismillah a hanya mu soke ta a jikin katanga, bai dace mu jefa aya cikin wannan hali da hannunmu ba.

Don haka kada ka rubuta lafazin ayar, ko sunan Allah, a katin da zai tafi a buɗe. Ka rubuta ma'anar da Hausa ko da Faransanci, misali "Kowace rai za ta ɗanɗani mutuwa", domin fassara ba ta ɗaukar hukuncin Mus'hafi, kuma mai kallo a can ita zai iya karantawa. In kana son ƙayatarwa irin ta allo, zayyanar da ake yi wa allon sauka ta ishe ka, ka kewaye katin da ita da tawada baƙa da ja, ka bar tsakiyar wa makarar.

Wallahu a'alam.