Tambaya da Amsa: Yadda jingar Misisipi ta tsare gari ta kashe fadama

Tambaya: Malam, na ji an ce jingar da aka yi wa kogin Misisipi don hana ambaliya ita ce ke sa teku yana cinye fadamun jihar Luwiziyana ta Amurka. Ta yaya abin da ya tare ruwa zai jawo ƙasa ta nutse a ruwa? (Wani ɗalibin ilimin ƙasa, Zariya)

Amsa: Ka fara riƙe wannan, ɗalibi: ƙasar kudancin Luwiziyana ba dutse ba ce, laka ce da kogin ya jibge cikin shekaru kusan 7,000. Irin wannan ƙasa kullum lotsawa take yi, domin nauyinta na matse ruwan da ke cikinta. A wurare da yawa tana sauka kusan santimita ɗaya a shekara, ga kuma teku na ƙara tasowa. A da, duk lokacin da kogi ya cika sai ya tumbatsa ya malale fadama, ya bar sabuwar laka a kai. Ciyayi su kafa saiwa a cikinta, in sun mutu su ruɓe su ƙara mata tudu. Abin da ya lotsa, ambaliya ta cike shi.

Bayan babbar ambaliyar 1927, majalisar Amurka ta yi dokar hana ambaliya ta 1928, ta ɗora wa injiniyoyin soja aikin ɗaga jinga. Garuruwa irin su Niyu Oliyans sun samu sauƙi, wannan ba gardama. Sai dai kogin ya koma kamar bututu: lakar da ya kamata ta bazu a fadama yanzu wucewa take kai tsaye ta zube a zurfin tekun Mekziko, inda ba ta gina komai. Lakar ma ta ragu da fiye da rabi, saboda manyan madatsun kogin Mizuri mai zuba cikin Misisipi, irin su Garrison da Oahe, suna riƙe ta tun daga sama.

Daga nan mutuwar fadama bi da bi take zuwa. Ruwa ya daɗe kwance a kan ciyayi, saiwa ta rasa iska. Ruwan gishiri ya kutso tunda babu ruwan daɗi mai kore shi, ciyayin ruwan daɗi su bushe. Saiwa na sakin ƙasa sai igiyar ruwa ta yage ta, ƙaramin tafki ya haɗe da wani. Tsakanin 1932 da 2016 jihar ta rasa murabba'in kilomita kusan 5,200, wato fiye da faɗin jihar Legas. Amma kada a ɗora wa jinga laifin duka: dubban kilomitoci na hanyoyin ruwa da masu haƙar mai suka yanka a fadamar su suka buɗe wa gishiri ƙofa.

Tambaya: To, me zai hana a fasa jingar kawai? (Wata malamar sakandare, Maraɗi)

Amsa: Malama, mutane da masana'antu sun riga sun zauna a bayanta. Dabarar da ta rage ita ce a yi ƙofa mai marfi a jikin jinga, a haƙa magudana zuwa fadama. Wurin da aka sa ta shi ne rabin aikin: kusa da tarin yashi a cikin kwanar kogi, bakinta kuma ya yi zurfi, domin yashi ƙasa-ƙasa yake tafiya. A buɗe ta lokacin cikar kogi, sa'ad da ruwa ya fi ɗauko kaya. Ƙofar Caernarvon ta 1991 an yi ta ne don rage gishiri, ruwan sama-sama take ɗiba, shi ya sa ƙasar da ta gina ba ta taka kara ta karya ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi ma ba da niyya aka same ta ba. A farkon shekarun 1940 aka haƙa mashigar Wax Lake don rage wa garin Morgan City barazanar kogin Acafalaya, wani reshen Misisipi. Bayan ambaliyar 1973 sai ga sabuwar ƙasa ta ɓullo a bakinta, har yau kuma tana ƙaruwa.

Cikas ɗin dabarar ƙofa yana wajen masunta, domin ruwan daɗi mai yawa yana korar jatan lande, yana kashe kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci). Babban aikin irin wannan ƙofa mai suna Mid-Barataria, wanda aka tsara zai kwararar da kusan mita kubik 2,100 a daƙiƙa, an aza harsashinsa a 2023, gwamnatin jihar ta soke shi a 2025 kan tsada da koken masunta. Yanzu an fi dogara ga tsotso yashi daga gindin kogi a tura ta bututu. Wannan yana ba da ƙasa cikin watanni, amma da yake ba a ƙara mata laka kowace shekara, ita ma lotsawa take yi, sai an sake zubawa.